Yusuf Ɗaya, Littafi Biyu: Tsakanin Suratu Yusuf da Littafin Farawa

Cikin annabawan da Alƙur'ani ya ba da labarinsu, Annabi Yusuf (AS) ne kaɗai aka kawo ƙissarsa a wuri guda, daga fari har ƙarshe, ba tare da an yanke ta ba. Labarin Annabi Musa a rarrabe yake cikin surori masu yawa, haka na Annabi Ibrahim. Na Yusuf kuwa yana cikin sura ta 12, mai aya 111, ya fara da mafarkin yaro, ya ƙare da cikar mafarkin. Wannan ƙissa kuma tana nan a rubuce ƙarnoni masu yawa kafin saukar Alƙur'ani, a cikin Littafin Farawa, wato na farko cikin littattafai biyar da Yahudawa ke kira Attaura, wanda kuma da shi Littafi Mai Tsarki na Kirista ya buɗe. A can ta mamaye babi goma sha huɗu, daga na 37 zuwa na 50.

Saboda haka duk mai son fahimtar dangantakar Alƙur'ani da littattafan da suka gabace shi, nan ne wurin da ya fi dacewa ya tsaya, domin ana iya ajiye nassin biyu kusa da juna a bi su daki-daki. Mutane iri biyu ne sukan guje wa wannan aiki. Akwai wanda da zarar ya ga kamanni sai ya yanke hukunci cewa na ƙarshen ya kwafi na farkon ne, ya rufe littafi. Akwai kuma Musulmin da kamannin ke tayar masa da hankali, har ya gwammace kada a ta da zancen. Dukansu a bakin ƙofa suka tsaya. Wanda ya daure ya shiga zai tarar Alƙur'ani da kansa ne ya fara shelanta kamannin, kuma wuraren da ya saɓa wa Littafin Farawa duk alƙibla ɗaya suka fuskanta. Wannan alƙibla nake so mu bibiya.

Ƙashin bayan ƙissar

Littattafan biyu sun yi tarayya a ƙashin bayan labarin. Yaro ne ɗan lelen mahaifinsa, ya yi mafarkin taurari goma sha ɗaya da rana da wata suna yi masa sujada. 'Yan'uwansa suka yi masa hassada, suka jefa shi a rijiya, suka kawo wa tsohon rigarsa da jinin ƙarya. Ayari ya kai shi Masar, wani babban mutum ya saye shi. Uwargidan ta neme shi da lalata, ya ƙi, ya ƙare a kurkuku. A can ya fassara mafarkin fursunoni biyu, ɗaya ya koma shayar da sarki, ɗayan aka kashe shi. Sarki ya yi mafarkin shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, Yusuf ya fassara shi da shekara bakwai na yalwa da bakwai na fari, aka danƙa masa rumbunan ƙasa. Yunwa ta koro 'yan'uwansa, ya gane su, su ba su gane shi ba. Aka ɓoye kofi a cikin kayan ƙaninsa. Daga ƙarshe ya bayyana kansa, ya yafe, iyalin suka taru a Masar. Bahaushe ya ce hassada ga mai rabo taki ce, kuma littattafan biyu sun haɗu a kan cewa Allah ne ya juya makircin ya zama hanyar ceton masu makircin kansu.

Tarihin gida da darasin kowa

Bambancin da ido ke fara kamawa shi ne sunaye da lissafi. Littafin Farawa cike yake da su. Ya ce Yusuf yana da shekara 17 lokacin da abin ya faro, yana da 30 lokacin da ya tsaya gaban Fir'auna, ya rasu yana da 110. Ya ambaci Shekem da Dotan, inda yayyensa suka tafi kiwo. Ya ce Ra'ubainu ne ya hana a kashe shi, Yahuza ne ya kawo shawarar a sayar da shi, kuma azurfa ashirin aka biya. Ya ba da sunan maigidan da ya saye shi, Fotifar, da sunan matar da Yusuf ya aura, Asenat, da 'ya'yansa Manassa da Ifraimu, ya ƙidaya mutum saba'in na gidan mahaifinsa Yakubu da suka zauna a yankin Goshen. Babi na 38 ma gaba ɗaya ya ajiye Yusuf gefe ya shiga labarin Yahuza da surukarsa Tamar, saboda zuriyar Yahuza tana da babban matsayi a tarihin da zai biyo baya.

Suratu Yusuf ba ta ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Cikin mutane, sunan Yusuf da Yakubu da kakanninsa Ibrahim da Is'haƙ kawai aka kama; cikin garuruwa, Masar kaɗai. Babu ɗan'uwa ko ɗaya da aka faɗi sunansa. Matar nan matar Azizu ce kurum, sarki kuma sarki ne kurum. Kuɗin da aka sayar da shi 'yan dirhamomi ne da ba su taka kara sun karya ba. Babu shekarun kowa.

Dalilin wannan yana ga tambayar da kowane littafi yake amsawa. Littafin Farawa yana bayanin yadda aka yi Bani Isra'ila suka sami kansu a Masar ne. Ƙissar Yusuf gada ce tsakanin alkawarin da aka yi wa Ibrahim na ƙasa da zuriya, da fitar da Musa zai yi da su a Littafin Fitowa. Ya yi kama da dattijon gida da ya tara jikoki yana ba su labarin yadda kakanninsu suka baro garinsu: dole ya kama sunan kowa, domin kowane yaro da ke zaune a gabansa daga tsatson ɗaya daga cikin waɗannan mutane ya fito.

Suratu Yusuf kuwa a Makka ta sauka, kuma malamai da yawa sun danganta ta da ƙarshen zaman Annabi Muhammadu (SAW) a can, bayan rasuwar Nana Khadija da Abu Ɗalib wajajen shekarar 619, lokacin da danginsa Ƙuraishawa suka matsa masa lamba. Surar ta buɗe tana magana da shi, ta rufe tana magana da shi. Mutumin da danginsa ke ƙulla yadda za su kashe shi ko su kore shi ne ake karanta wa labarin wani da 'yan'uwansa suka yi shawarar su kashe shi ko su jefar da shi, kuma daga baya suka tsaya a gabansa suna neman alfarma. Malaman sira sun ruwaito cewa ranar buɗe Makka, a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi ya gaya wa Ƙuraishawa irin maganar yafiyar da Yusuf ya gaya wa 'yan'uwansa, ya sallame su. Cire sunaye da shekaru ya kwance ƙissar daga turken gida ɗaya, ta zama ta duk wanda nasa suka zalunta.

Uba a gaban rigar ɗansa

Babu inda alƙiblar nan ta fi fitowa fili kamar a kan Annabi Yakubu (AS). A Littafin Farawa, Yusuf ya yi mafarki biyu, na dammunan hatsi da na taurari, kuma shi da bakinsa ya gaya wa yayyensa. Da mahaifinsa ya ji na biyun sai ya tsawata masa, ko da yake ya riƙe maganar a ransa. Shi ne kuma ya aiki yaron ya je ya dubo lafiyar makiyayan. Da aka kawo rigar da aka tsoma a jinin bunsuru, ya gane ta, ya gaskata cewa naman daji ya cinye ɗansa. Ya yage tufafinsa, ya ƙi karɓar ta'aziyya, ya ce da makokin nan zai shiga kabari. Uba ne da aka yaudara, kuma ya zauna cikin yaudarar fiye da shekara ashirin.

A Alƙur'ani mafarkin ɗaya ne, kuma mahaifinsa kaɗai Yusuf ya gaya wa. Yakubu ya gane abin da yake nufi nan take, ya gargaɗe shi kada ya ba 'yan'uwansa labari. Su ne suka zo suna roƙo a bar shi ya bi su ya yi wasa, shi kuma ya nuna tsoron kada kerkeci ya cinye shi. Da suka dawo da dare suna kuka, ɗauke da rigar, bai yarda da su ba ko na ɗan lokaci. Ya gaya musu zukatansu ne suka ƙawata musu wani abu, shi dai haƙuri zai yi, ya nemi taimakon Allah. Shekaru bayan haka, da aka riƙe ƙanin Yusuf a Masar, ya maimaita musu wannan magana.

Kada a ɗauka Alƙur'ani ya rage masa baƙin ciki. Ƙara masa ma ya yi. A Littafin Farawa tsufa ne ya dusashe idanun Yakubu a ƙarshen rayuwarsa. A Suratu Yusuf baƙin cikin rashin ɗansa ne ya mai da idanunsa fari. Sai dai baƙin cikin nasa a haɗe yake da yaƙini. Ya ce wa 'ya'yansa ga Allah kaɗai yake kai kukansa, kuma ya san abin da ba su sani ba. Shi ya tura su su nemo labarin Yusuf, ya hana su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Da ayari ya baro Masar da rigar, shi ya ce yana jin ƙanshin ɗansa, na kusa da shi suna cewa tsohuwar ruɗewarsa ce ta motsa.

Littafin Farawa ya nuna mana yadda baƙin ciki ke karya uba. Alƙur'ani ya nuna yadda Annabi ke ɗaukar baƙin ciki, kuma Musulmin farko sun ɗauki darasin. Lokacin da aka yi wa Nana A'isha ƙazafi, Buhari ya ruwaito cewa ba ta sami abin da za ta kwatanta halinta da shi ba sai haƙurin mahaifin Yusuf. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya karanta surar a sallar asuba, da ya kai inda Yakubu ke kai kukansa ga Allah, ana jin shessheƙarsa daga sahun baya.

Wanke suna kafin hawa mulki

A babi na 39 na Littafin Farawa, matar Fotifar ta kama rigar Yusuf, ya bar ta a hannunta ya gudu. Ta nuna wa mijinta rigar a matsayin shaida, ransa ya ɓaci, ya jefa Yusuf a kurkuku. Daga nan matar ta ɓace daga labarin. Mai karatu ya san Yusuf ba shi da laifi, amma babu inda aka wanke shi a gaban mutanen Masar. Da Fir'auna ya aika a kira shi, gaggawar fito da shi aka yi, ya yi aski, ya sake tufafi, ya tafi fada.

Alƙur'ani ya daɗe a wannan wuri. Su biyun suka yi tsere zuwa ƙofa, ta yage rigarsa ta baya, suka ci karo da maigidan. Wani daga cikin danginta ya kawo hujja mai sauƙi: in ta gaba rigar ta yage, ita ce mai gaskiya, in ta baya ce, shi ne. Maigidan ya duba, ya gane. Sai matan birni suka ɗauki tsegumi, ta shirya musu walima, ta ba kowace wuƙa, ta sa Yusuf ya fito, suka yanyanke hannayensu don ɗimuwa. Yusuf ya roƙi Allah, ya ce kurkuku ya fi masa abin da suke kiran sa zuwa gare shi. Aka ɗaure shi alhali an riga an ga hujjojin tsarkinsa. Shekaru bayan haka, da manzon sarki ya zo fitar da shi, ya ƙi fita. Ya ce a koma a tambayi sarki labarin matan da suka yanke hannayensu. Aka tara su, suka wanke shi, matar Azizu ta amsa laifinta da bakinta. Sai bayan wannan ne ya tsaya gaban sarki ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa. Buhari da Muslim sun ruwaito Annabi (SAW) yana jinjina wa wannan juriya, yana cewa da shi ne ya daɗe haka a ɗaure, da ya amsa kiran.

Abin da ke nan a fili yake. Wanda zai kira mutane zuwa ga Allah, wanda kuma za a damƙa wa abincin ƙasa guda, ba ya shiga ofis da tabon zargi a jikinsa. Amana tana gaban mulki. Ko rigar ma aikinta ya sauya. A Littafin Farawa akwai rigar ado da uban ya ɗinka masa, wadda ta hura wutar hassada. Alƙur'ani bai ambace ta ba. Nasa riguna uku ne, kowace tana ba da shaida: ta farko an shafa mata jinin ƙarya amma ba ta ruɗi uban ba, ta biyu ta wanke Yusuf, ta uku aka jefa a fuskar tsohon ganinsa ya dawo.

A cikin kurkukun ma an sami rabuwar hanya. Yusuf na Littafin Farawa ya gaya wa fursunonin biyu cewa fassarar mafarki ta Allah ce, sannan ya fassara. Na Alƙur'ani ya dakatar da su tukuna. Daga aya ta 37 zuwa ta 40 wa'azin tauhidi yake yi musu: ya bar addinin mutanen da ba su yi imani da Allah da Lahira ba, ya bi tafarkin Ibrahim da Is'haƙ da Yakubu, kuma ya tambaye su ko iyayengiji barkatai sun fi Allah Makaɗaici. Littafin Farawa ya ce Ubangiji yana tare da Yusuf, amma bai kira shi annabi ba, bai kuma nuna shi yana kiran Masarawa zuwa ga addini ba. A Alƙur'ani tun yana cikin rijiya aka yi masa wahayi, kuma a Suratu Gafir wani mumini daga mutanen Fir'auna ya tuna wa jama'arsa cewa Yusuf ya taɓa zo musu da hujjoji.

Abin da Littafin Farawa ya riƙe

Adalci ya wajabta a faɗi abin da tsohon littafin ya ƙunsa wanda surar ta wuce shi da sauri. A babi na 44, bayan an sami kofin a buhun Biliyaminu ƙanin Yusuf, Yahuza ya matso ya yi doguwar magiya. Mutumin da ya kawo shawarar sayar da ɗan'uwansa shi ne yanzu yake cewa a riƙe shi bawa a saki yaron, don ba zai iya ganin abin da zai sami tsohon ba. Tubar ɗan'adam ce aka zana a hankali, kuma tana taɓa zuciya. Alƙur'ani ya taƙaita wannan cikin 'yan ayoyi: 'yan'uwan suka roƙa a ɗauki ɗayansu a madadinsa, babbansu kuma ya ƙi barin ƙasar. Haka nan Yusuf na Littafin Farawa mai yawan kuka ne. Yakan juya baya ya yi hawaye, ya shiga ɗaki ya yi kuka ya wanke fuska ya fito, ranar da ya bayyana kansa kuwa har Masarawa sai da suka ji muryarsa. Na Alƙur'ani mai haɗiye abu ne. Ko da suka jefe shi da sata a gabansa, a ransa ya bar maganar.

Akwai kuma babi na 47, mai nauyin karantawa. Da yunwa ta tsananta, mutanen Masar suka kawo kuɗinsu suka sayi hatsi, kuɗi suka ƙare suka kawo dabbobi, dabbobi suka ƙare suka miƙa gonakinsu da kawunansu ga Fir'auna. Aka kafa dokar ba shi kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona, gonakin firistoci kaɗai suka tsira. Alƙur'ani bai kawo wannan ba. Abin da ya kawo na sha'anin tattali shi ne shawarar Yusuf cewa a bar hatsin da aka girbe a cikin zangarniyarsa, sai ɗan abin da za a ci. Duk manomin da ke ajiye geronsa a dami cikin rumbu ya san hikimar, domin wanda aka sussuke shi ne ƙwari ke fara ci. Ya kuma ƙara wani abu da babu shi a mafarkin sarki: bayan shekarun fari akwai shekarar da ruwa zai wadata har a matsi 'ya'yan itace.

Ƙarshen labarin ya tattara bambancin duka. Littafin Farawa ya bi Yakubu har rasuwarsa yana da shekara 147, aka kai shi kogon Makfela aka binne. 'Yan'uwan suka sake jin tsoron ramuwa, Yusuf ya kwantar musu da hankali. Ya sa suka rantse za su tafi da ƙasusuwansa in Allah ya fitar da su, kuma littafin ya rufe da gawarsa a cikin akwati a Masar. Labari ne da bai ƙare ba, yana jiran Musa, wanda Littafin Fitowa ya ce ya ɗauki ƙasusuwan, aka binne su a Shekem a zamanin Joshuwa. Suratu Yusuf kuwa ta rufe da'irarta. Mafarkin aya ta 4 ya cika a aya ta 100, iyayensa a kan gadon mulki, kowa ya faɗi ya yi gaisuwar sujada. A daidai wannan lokaci, yana kan ƙololuwar mulki, abin da Yusuf ya roƙa shi ne ya cika yana Musulmi, a haɗa shi da salihai. Wancan littafi ya ƙare da begen komawa ƙasar alkawari, wannan ya ƙare da addu'ar cikawa da imani.

Maganar kwafi

Tsakanin rubuta Littafin Farawa da saukar Alƙur'ani, Yahudawa da Kirista ba su daina ba da labarin Yusuf ba, suna faɗaɗa shi a wa'azi da sharhi. Wasu abubuwan da ke cikin surar, waɗanda babu su a Littafin Farawa, ana samun makamantansu a can. Umarnin Yakubu cewa 'ya'yansa su shiga birni ta ƙofofi daban-daban yana cikin tsohon sharhin malaman Yahudawa a kan Littafin Farawa. Walimar mata da wuƙaƙe tana cikin wani sharhin nasu mai suna Tanhuma, wanda masana suka yi saɓani a kan zamanin tattara shi. Kiristocin da ke rubutu da Suryananci, irin su Ifraimu na Siriya da ya rasu a 373 da Yakubu na Saruj da ya rasu a 521, sun yi rubutu a kan Yusuf, kuma al'adarsu tana kallon sa a matsayin ishara ga Almasihu. A 1833 wani malamin Yahudawa a Jamus, Abraham Geiger, ya wallafa littafi yana lissafa irin waɗannan kamanni a matsayin aro. A 2011 Joseph Witztum ya kammala bincike a Jami'ar Princeton yana nuna kusancin wasu sassan surar da rubuce-rubucen Suryanancin.

Musulmi ba shi da dalilin razana da wannan. Zargin ya girmi Geiger da fiye da shekara dubu, kuma Alƙur'ani da kansa ya adana shi: Suratul Furƙan ta kawo maganar masu cewa tatsuniyoyin mutanen farko ne ake karanta masa safe da yamma, Suratun Nahli ta kawo ta masu cewa wani mutum ne ke koya masa. Alƙur'ani bai taɓa da'awar cewa shi ya fara ba da labarin Yusuf ba. Ayar ƙarshe ta Suratu Yusuf ta ce gaskatawa ne ga abin da ya gabace shi. Aya ta 48 ta Suratul Ma'ida ta haɗa wannan da matsayi na biyu, wato mai tsaro da hukunci a kan littattafan da suka gabata. A wurin mai imani, tushen ɗaya ne, kuma wahayi yana tabbatar da gaskiyar da ta saura a hannun Ma'abota Littafi, a rubuce take ko a baki, yana gyara abin da ya karkace.

Ko wanda bai yi imani da wahayi ba, in mai adalci ne, zai ga kalmar kwafi ba ta ɗauki abin da ke gabansa ba. Mai kwafi sunaye da lambobi yake fara kwashewa, don su suka fi sauƙin riƙewa, kuma da su ake burge mai sauraro. Surar ta zubar da waɗannan, ta sauya abubuwa mafi nauyi: halin uban, matsayin ɗan, ma'anar kurkukun, da inda labarin ya dosa. Shi ya sa manazarta na baya-bayan nan a Turai, irin su Angelika Neuwirth ta Jamus, suka karkata ga kallon Alƙur'ani a matsayin littafin da ke muhawara da al'adun zamaninsa da muryarsa ta kansa.

Abin da ya shigo ta hannun masu tafsiri

Sunayen da Alƙur'ani ya bari sun dawo mana ta wata hanya. Zulaiha matar Azizu, Bunyaminu ƙanin Yusuf, da Ƙiɗfiru a matsayin sunan Azizu, duk daga littattafan tafsiri da ƙissoshin annabawa muka same su, har Jalalaini da ake karantawa a zaurukanmu ya kawo su. Yawancin irin waɗannan bayanai sun biyo ta hannun Ma'abota Littafi da suka musulunta da masu ruwaito labaransu, kamar Ka'abul Ahbar da Wahbu ɗan Munabbih. Alƙur'ani ya ce Yusuf ya ga hujjar Ubangijinsa a lokacin jarrabawa, bai faɗi mece ce ba. Ruwayar da ke cewa surar mahaifinsa ya gani tana cikin tafsirin Ɗabari, tana kuma cikin Talmud na Yahudawa. Auren Yusuf da Zulaiha, wanda mawaƙin Farisa Jami ya gina shahararriyar waƙarsa a kai a 1483, babu shi a Alƙur'ani, babu shi a Littafin Farawa.

Malamanmu na da sun san wannan, sun kuma kafa masa ƙa'ida. Ibnu Kasir, wanda ya rasu a 774 bayan hijira, ya kasa irin waɗannan ruwayoyi, wato Isra'iliyat, gida uku: abin da nassinmu ya gaskata, abin da ya ƙaryata, da abin da ya yi shiru a kai, wanda ba a gaskata shi ba a ƙaryata shi. Biƙa'i, da ya rasu a 885 bayan hijira, ya ɗauko nassoshi daga Attaura da Linjila kai tsaye ya sa a tafsirinsa, aka yi masa ca a Alƙahira, ya rubuta littafi yana kare kansa. Ashe kwatanta nassin biyu tsohon aiki ne a cikin gidan ilimin Musulunci.

A ƙasar Hausa aikin ya fi sauƙi a yau. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932, tarjamar ma'anonin Alƙur'ani ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi tana hannun jama'a, ga Liya'ut Ta'awili na Malam Abdullahi na Gwandu ga masu Larabci. A Kaduna da Jos da Yola za ka sami Yusuf da Yakubu a masallaci, ka sami Yusuf da Yakubu a coci, duk sunan mutanen wannan ƙissa suke amsawa. Abin da nake roƙon malaman tafsirin azumi shi ne, idan mai jan baƙi ya kawo su wannan sura, su riƙa bambance wa jama'a abin da aya ta faɗa da abin da aka ƙara daga ruwayoyi. Shirun da Alƙur'ani ya yi a kan wasu abubuwa yana cikin saƙonsa, kuma wanda ya cike kowane gurbi da labari ya rufe wa almajiransa ganin abin da surar ta zaɓa da abin da ta bari.

Idan aka ɗora su a sikeli, Littafin Farawa ya fi yalwar tarihi da bayanin dangi, kuma bai ɓoye raunin mutanen da yake girmamawa ba. Suratu Yusuf ta fi ɗaurin tsari da fitowar manufa, ta mai da tarihin gida guda shiriya ga kowa. Ni Musulmi ne, na yi imani da cewa hukuncin ƙarshe na Alƙur'ani ne. Imanin nan ne kuma ya ɗora mini nauyin sanin littafin da Alƙur'ani ya ce ya zo yana gaskatawa yana kuma tsaro a kansa, da nauyin faɗin abin da ke cikinsa daidai yadda yake, ko a gaban masu shi ko a bayan idonsu.